Wasan Bayan Rumbu

…kuma ba wanda ya ce in daka geron nan. Akwai gari a ƙwarya tun jiya, ya ishe mu har gobe. To amma in ban riƙe taɓarya ba, me zan riƙe? Hannu biyu a sake, a tsakar gida, ranar da za a tafi da kai — ai su za su tona mini asiri. Gara su sami aikin yi. Daka, Safi. Sunkuyar da kai ki daka, yadda aka san ki.

Ga ka can a tabarma, inuwar iccen bedi. An yi maka wanka, ba ni na yi ba. Gwaggo ce, uwar babanka, ta wanke ka ta shafe ka da mai, ta sa maka rigar sallar da ta yi maka yawa. Inna kuwa, uwata, tun jiya ta iso daga ƙauyenmu can wajen Attantane, tafiyar yini guda a amalanke. Ɗaukar yaye ta zo. Bello, maƙwabcinta da ya kawo ta, yana ƙofar gida yana shayar da san da ke jan amalanken. Sa ya sha, a ɗaura masa amalanke, shi ke nan… Iyakar abin da ya rage mini ke nan, shan ruwan sa.

Maganar kuma ba ta da tsawo. Inna, yana ji. Yana gane mutum. A riƙa zama da shi ana yi masa wasa, in an bari zai koma. Kalma nawa ce duka? Tun asuba nake jera ta a baki, tana zuwa haƙori tana komawa.

Ɗan fari. Ba ma ɗan fari kawai ba — sunan mahaifin mijina Sirajo aka sa maka, surukina, Allah ya ji ƙansa. Kunya biyu a kan yaro ɗaya. Shekara biyu cur ban faɗi sunanka ba, ko a zuci sai in kewaye shi. Wancan. Yaron nan. In za ka sha nono sai na shiga ɗaki na juya wa bango fuska, ka sha, in ajiye ka in fito ina gyara zane kamar ba abin da ya faru. In ka yi kuka gaban mutane in tashi in bar wurin, mai so ya ɗauka. Kuma aka yaba mini! A rijiya da ni ake misali: ku dubi Safi, ko kallonsa ba ta yi, 'yar gidan mutunci. Ni kuwa kai ya yi ta kumbura. Na iya, wallahi na iya. Duk garin nan ba wadda ta kai ni iya kunyar ɗan fari, kuma ina jin daɗin a faɗa.

Kai kuma ka yi shiru abinka. Yaro mai haƙuri, aka ce, ba ya da rigima.

Sa'anninka suka zauna. Suka yi rarrafe. Ɗan Sadiya da aka haifa bayanka da wata uku har ya fara korar kaji… kai kana nan inda aka ajiye ka, ido a sama, hannu a dunƙule. Aka haƙa maka ɗan rami a rairayi, aka tokare ka da tsummoki don ka koyi zama, ka yi ta kifewa gefe. Sai da ka shekara ɗaya da rabi kafin bayanka ya tsaya. Rubutu ka sha, hayaƙi an yi maka, laya har uku a wuyanka. Wata tsohuwa ta ce ɗan ruwa ne aka musanya mini — a bayana ta faɗa, amma da muryar da zan ji. Na ɗora tulu na wuce. Uwar ɗan fari ba ta tankawa, ko da ana yankan naman jikinta.

Gwaggo tana tambayar ina hularka. Tana ƙarƙashin filo, Gwaggo, na sani sarai, ni na ajiye ta. Ba zan ce ba. Ta nemo da kanta, ko neman ya ƙara mini ɗan lokaci.

Ran Talata ce. Awon nauyi na kai ka likitar Urafane, ba don komai ba. A gefe akwai rumfar zana, tabarmi uku, mata zaune da 'ya'yansu, ga gwangwanaye, ga murafen bidon ruwa, ga ludayi da 'yar tsanar tsumma. Na ce a raina, yau kuma makarantar lakwal aka buɗe wa jarirai? Har na yi dariya. Mai awo ta duba karnenka, ɗan littafin awo, ta dube ka, ta ce in biya ta rumfar in ga Madam Kausar. 'Yar Tasawa ce, ba ta allura ba ta ba da magani, aikinta yaran da suka yi jinkiri irinka, su da iyayensu. Ta zauna a ƙasa da zanenta mai kyau, ta kai fuskarta daidai da taka, ta daɗe tana kallonka.

"Kira min shi, in ga ko shina waigowa."

Na rufe baki da mayafi. Matan rumfar suka kwashe da dariya, wata ta ce mata ɗan farinta ne fa, kuma sunan surukinta gare shi. Na jira faɗa, irin na ma'aikata, a ce mana mutanen ƙauye. Ba ta yi ba. Ta ce ita ma tana da ɗan fari, ta san abin. Sai ta matso, ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Ban ce ki yi gaban mutane ba. Gidanku babu bayan rumbu?"

Bayan rumbu… Akwai, Madam. Akwai.

Ta nuna mini da hannunta. Fuska kusa da fuska. A kira, a jira. A girgiza gwangwani, a jira. Jiran nan shi ne aikin, in ji ta, ki ƙirga goma a zuci kafin ki sake, don shi maganar tana daɗewa a hanya kafin ta isar masa, amsar ma haka. Mu kuma da yake ba mu jira, sai mu ce ba ya ji. Na tambaye ta ko za ka warke. Ta ce ba ta sani ba, Allah ne masani, ba za ta yi mini ƙarya ba. Amma yanzu ne lokacin, tun kana ƙarami, kamar shuka da ruwan farko. In aka bari shekaru suka ja, abin yakan ƙara wuya.

Ranar farko na goya ka kamar zan je ɗebo kara. Na duba gabas na duba yamma kamar mai satar kaza. Na zaunar da kai jikin rumbu, na durƙusa, na buɗe baki — ba abin da ya fito. Na ji kamar tsohon zai taso daga kushewa ya ce wace marar kunya ce ke kirana. Sai da na rufe ido.

Abdussalamu.

Ba ka yi komai ba. Kana kallon sama, ƙuda na yawo a gefen bakinka. Na ƙirga goma. Na sake. Na ƙirga goma. Na tashi na goya ka, ina ce wa kaina kin ga, kin zubar da mutuncinki a banza. Washegari kuma ƙafata ta mayar da ni.

Kwana tara haka. Ran na goma ina tsakiyar ƙirga, na kai bakwai, idon nan naka ya sauko daga sama a hankali… a hankali… ya tsaya a kaina. Ba ta gefena ba, ba ta bayana ba. Ni. Shekara biyu da wata biyu ina ɗauke da kai a bayana, ranar muka fara ganin juna. Ashe akwai ɗan tabo baƙi a farin idonka na hagu. Wace uwa ce sai bayan shekara biyu take sanin haka?

Sa ya gama sha? Na ji ƙarar bokiti. A'a, Bello na neman ƙari. Allah ya ƙara masa ƙishi.

Sati bakwai. Duk abin da na mallaka ke nan, sati bakwai na bayan rumbu da gonar wake. Ana tsinkar wake ina can ƙarshen kunyar gona, inda ba mai hango ni, na zuba ƙwaya biyar a gwangwanin tumatir na danne bakinsa da dutse. Kacau-kacau a dama, in jira. Kacau-kacau a hagu, in jira. Ka fara bin sa da kai. Ka fara miƙa hannu. Ranar da yatsun nan suka buɗe suka kama gwangwanin da kansu sai da na zauna daɓas a ƙasa. Sannan wasan mayafi, wanda Madam ta ce kar in gaji da shi: in rufe fuska in ce ina nake, in jira, in buɗe in ce ga ni. Sau nawa? Allah kaɗai ya ƙirga. Ina yi ina jin kaina kamar mahaukaciya, babbar mace da zane a ka tana leƙe da yaron da ba ya amsawa. Sai ran nan na rufe, ina ƙirge, ban kai ga buɗewa ba na ji an ja. Kai ne. Da hannunka ka janye. Na ce ga ni, ka yi wani sauti kamar shaƙuwa, na tsorata, na ɗauka wani abu ya sarƙe ka. Ashe dariya ce. Ba ka iya ta ba tukuna, sai da ka yi ta sau uku ta daidaita.

Wa na gaya wa? Wa zan gaya wa? Na cusa fuska cikin harawa na yi kukana, na share, na dawo gida da kwandon wake, Gwaggo ta ce na daɗe, na ce waken ne da yawa.

Ran Talatar da ta biyo Madam ta ga ka kama gwiwata ka miƙe, ƙafafun suna rawa amma sun tsaya. Ta tafa hannu, matan rumfa suka tafa. A can ba na jin kunya sosai, duk irinmu ɗaya, kowa da nata. Akwai mai ɗiyar da wuyanta ba ya tsayawa, akwai mai ɗan da ba ya son a taɓa shi. Mukan yi wa juna tsiya ma. A gida kuwa Gwaggo ta ɗauka awo nake kai ka duk mako, har tana cewa likitocin yanzu ba su gajiya da sikeli.

Na taɓa tambayar Madam, ba kai tsaye ba, na ce wata ce a garinmu take son sani — ko rashin yi wa yaro magana shi ke jawo wannan? Ta gane ko wace ce watar. Ta ce a'a, ga 'ya'yan fari nan cike da gari suna gudu suna surutu, ba kunya ce ta kawo ba. Ta tambayi yadda aka haife ka. Na faɗa mata. A gidanmu, wajen Inna, haihuwar fari. Naƙuda ta kama ni tun hantsi, na yi shiru, na ci gaba da sussuka, don kar a ce ba ni da jimiri. Ai an gaya mini tun ina budurwa, mai ihu a haihuwar fari abin gori ce har ta tsufa. Yini guda ban ce uffan ba. Sai washegari da aka ga na kasa tashi aka ɗora ni a amalanke. Ka fito ba kuka, jiki a sake, ungozoma ta yi ta murza bayanka kafin ka yi ɗan ƙara kamar kyanwa. Madam ta ce mai yiwuwa daga nan ne, jinkirin numfashin nan. Ta kama hannuna ta ce ba laifina ba ne, abin da aka koya mini na yi.

Ba laifina ba. To na wa? In ba shirun bayan haihuwa ba, shirun kafin haihuwa. Ko ta ina na juya shi, bakina ne a rufe. Ina jin zafin abin har cikin ƙashina, kuma ba na jin zai bar ni.

Inna ta fito da ƙunshin kayanka. Ta ɗaure, ta kwance, ta sake ɗaurewa. Gwangwanin yana ciki, na cusa shi cikin hannun riga da safe. In ta gani za ta ce shara ce ta shiga kaya. Takardar Madam ma tana ciki, mai hotunan mace zaune da yaro, yadda ake yi ɗaya bayan ɗaya. Wannan kam ta gan ta ɗazu. Ta ɗauka takardar likita ce mai muhimmanci, ta naɗe ta da karne a leda, ta kai can ƙasan ƙunshin don kar ta lalace. Ba za ta lalace ba kam. Shekara goma ma sai a same ta sabuwa.

Da ba don cikin nan ba… Astagfirullah. Ba laifinsa ba ne shi ma. Sirajo ya zo noman damina ya koma Agadas, ni kuma warin daddawa ya fara tayar mini da zuciya, Gwaggo ta kalle ni sau ɗaya ta gane. Nonon ciki ba ya yi wa yaro, dama an ja yayenka don rashin ƙwarinka, yanzu kam dole. Ɗan fari kuma gidan kakarsa ake yaye shi, kuma ba ya dawowa da wuri, wani ma sai ya isa kiwo. Haka aka yi wa kowa. Aka kira Sirajo a waya ya ce abin da tsofaffi suka yanke shi ne daidai. Na karɓi wayar, na gaishe shi, na tambayi sanyin Agadas. Me zan ce? Ɗanka ya yi dariya? Shi ma kunyarka yake ji, sunan ubansa ne a kanka, in ya shigo gida ta gefenka yake ratsewa.

Na gaya wa Madam zancen tafiya da kai ran Talatar da ta wuce. Ta tambayi ko akwai irin rumfar nan kusa da ƙauyen Inna, na ce ko likitar ma sai an yi tafiyar rabin yini. Ta ce to ba komai, rumfa ba ita ce maganin ba, mutum ne, kowa zai iya in an nuna masa. In zaunar da mai riƙonka in nuna mata da hannuna. In kuma ina jin nauyi, ita za ta hau moto ta zo gidanmu ta yi wa tsofaffin bayani. Me na ce? Na ce a'a, Madam, kar ki wahalar da kanki, zan faɗa musu. Zan faɗa musu! Tsoro na ji ta zo ta ce Safi ta yi ƙoƙari, Safi na kiran sunansa, Safi na rufe fuska tana buɗewa — gaban Gwaggo. Na kori mai taimako da bakina don kar a ji a rijiya.

Kuma jiya Allah ya kawo mini damar har inda nake zaune. Bayan la'asar, ina tsince wake a faifai, su biyu suna tabarma kana tsakaninsu. Inna ta daɗe tana dubanka. Ta yi tambayar, Gwaggo take wa magana, amma na ga idonta ya ɗan biyo ta wajena.

"Shin yaron ga shina gane mutum kuwa? Shina ji?"

"Ina hwa," in ji Gwaggo. "Sai dai a cishe shi a aje shi inuwa. Bai da rigima ko kaɗan." Sai ta juyo. "Ke, ko kin ga wani abu?"

Faifai a cinyata. Wake a hannuna, irin wanda ke cikin gwangwaninka. Duk sati bakwai ɗin nan suka taso mini har wuya.

"Oho. Ni ban duba ba."

Haka na ce. Da bakin nan. Inna ta gyaɗa kai a hankali, irin na wadda ta gamsu ta haifi ɗiya mai tarbiyya. Kuma — wannan ne ba zan yafe wa kaina ba — na ji daɗi. Na ɗan lokaci kaɗan, na ji daɗin gyaɗa kan nan. Na sayar da kai a kan gyaɗa kai guda.

Don ni ma 'yar fari ce, ka sani? Ina za ka sani. Inna ba ta taɓa cewa Safi ba. Har yau in za ta yi mini magana sai ta gaya wa bango: a ce wa waccan ta ɗauke tukunya. Wajen kakata na girma, ita ta yi mini kitso, ita na yi wa fitsari a baya. Ni da Inna ba mu taɓa zama mu biyu mun yi magana ta minti biyar ba. Yanzu kuma in je in durƙusa gabanta, 'yar farinta, in yi mata zancen ɗan farina, in rufe fuska da mayafi in ce ina nake? Ta ina zan fara? Da wane ido za ta kalle ni, da wane ido zan kalle ta? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na sani, kowa ya sani. Faɗarsa ce ke da sauƙi.

Wata zuciyar tana cewa ki kwantar da hankali, ai kaka ce. Kakanni ba su kunyar jika, su ne ma masu wasa da shi. Za ta ce maka miji, ta ce ba ka kawo cefane ba, ta ce ta sake ka. Haka ne. Amma wasan kaka da mai mayar da martani ake yinsa. Ta tsokane ka sau ɗaya, sau biyu, ta ga ido a sama, ta tuna an ce mata ba ka ji… ta ce Allah sarki, ta tashi. Ga awaki, ga itace, ga rijiyar da ke da nisa, ita kaɗai. Ba mugunta gare ta ba. Za ta ba ka fura kafin ta sha, za ta kore maka ƙuda, in ka yi zazzaɓi ba za ta runtsa ba. Za ta ajiye ka a inuwa mai kyau. Abu ɗaya ne ba za ta yi ba, ba za ta ƙirga goma ba, don ba wanda ya ce mata akwai abin jira.

Kai kuma za ka jira kwana nawa kafin ka daina? Idon zai koma sama? Yatsun su sake dunƙulewa? Madam ta ce abin da yaro ya koya ba ya ɓacewa duka. Duka, ta ce. Ban tambaye ta nawa ke saura ba.

An sami hula. Bello ya yi sallama daga waje, ya ce rana na yi.

Yanzu, Safi. Ajiye taɓaryar. Taku nawa ne tsakaninki da tabarmar, shida? Ki ce Inna, ina da magana. Ko ki gaya wa bango, yadda take yi, a ce wa mai tafiya yaron nan yana ji. Gwaggo za ta riƙe baki. Gobe a rijiya a ce ashe Safi ma… To sai me? A ce mana. Wa ya taɓa mutuwa don an yi da shi a rijiya? Ɗaga ƙafar. Ɗaga —

Inna ta sunkuya ta ɗauke ka. Ta ɗora ka a kafaɗa tana neman takalminta da ƙafa. Fuskarka kusa da tata, mayafinta ya zubo ya rufe mata rabin fuska. Na ga idonka ya tsaya a kai. Kar ka… Hannun ya tashi. A hankali, yana rawa, yadda yake yi. Ka kama. Ka ja.

"Kai, miji, bari mana, za ka tsiraita ni gaban mutane."

Ta cire hannunka, ta gyara mayafin, ta ci gaba da neman takalmi. Kai kuma kana kallonta, baki ɗan buɗe, dariyar tana nan a shirye. Kana jiran a ce ga ni. Ɗaya. Biyu. Inna, dube shi. Uku. Huɗu. Gwaggo ta turo mata takalmin. Biyar. Shida. Ki dube shi kawai, ba sai na faɗa ba, ga shi nan a fuskarsa. Bakwai… takwas… Ta juya ka baya, ta ja zane ta ɗaure. Hannun ya sauka.

Inna ta tsaya bakin zaure, ba ta waigo ba. Ta ce wa iska to mun tafi, a yi ta haƙuri, Allah ya raba lafiya. Na ce amin, ko ban ce ba? Gwaggo ta bi su da ƙunshin kaya. Uwa ba ta rakiyar yaye. Uwa tana tsakar gida tana aikinta, in an dawo a same ta ido a bushe.

Akwai inda zanan darni ya ɓalle, wajen turken akuya. Ban san lokacin da na zo nan ba. Ga amalanken, ga Bello ya hau, ga Inna ta zauna ta kwance ka ta ɗora a cinya, fuskarka ta gida. Kanka yana juyawa. Dama… hagu… a hankali, yadda kake neman gwangwani. Ba gwangwani kake nema ba. Sa ya ɗaga ƙafa. Har yanzu kusa ne, in na ɗaga murya za a ji. Har yanzu.

Ka gan ni? Ta wannan 'yar kafar? Ba zai yiwu ba. Amma kan ya tsaya. Bakin yana buɗewa, leɓɓan suna motsi, irin motsin da suke yi in kana ƙoƙarin fitar da abu. Ruwa na koya maka, kana cewa wa. Kaza na koya maka. Wake, rumbu, hannu, hanci, duk abin da idonka ya sauka a kai na gaya maka sunansa, sau ɗari, ina jira. Naka sunan ma na ba ka.

Me kake nema ka ce?

Wayyo. Na nuna maka kaza na ce kaza. Ban taɓa dafa ƙirjina na ce maka komai ba. Ko a bayan rumbu, inda ba kowa, wannan kalmar ɗaya na kasa… Ga bakinka a buɗe, amalanke na tafiya, kana son ka kira ni — ban gaya maka ko ni wace ce ba.